Gyatsar Saniya da Ɗumamar Duniya: Shin Rage Cin Nama Zai Yi Magani?

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi ba ya bukatar a gaya masa matsayin dabba a ƙasar Daura. Tun da hantsi kara take cika ta batse da bunaji da rahaji da bokoloji, ga raguna uda da balami, ga jajayen awaki, ga raƙuma can gefe suna tuƙa. Wasu daga ƙauyukan Zango da Baure da Sandamu aka koro su, wasu kuwa daga ƙasar Damagaram suka ƙetaro ta Kwangwalam. Kafin la'asar dillalai sun gama ciniki, an shiga lodin tireloli masu gangarawa Kudu. Da kuɗin da ya canja hannu a wannan yini ake aurar da 'ya'ya, a sayi hatsi, a biya kuɗin makaranta.

To, a wasu ƙasashe masu nisa, waɗannan dabbobi ne ake tuhuma da laifin ɗumama duniya. Gidajen rediyo suna ta kawo rahoton cewa masana sun ce a rage cin nama idan ana son a tsira daga sauyin yanayi. Ɗalibin da ubansa ke kiwo yana jin wannan magana sai ya rasa inda zai sa ta. Wani ya ce makirci ne na Turawa, wani kuma ya karɓa ido rufe tun da masana ne suka faɗa. Dukkansu biyu sun yi gaggawa. Maganar tana da tushe a kimiyya, amma tana da iyaka, kuma ba a gane iyakar sai an fara leƙa cikin saniya.

Abin da ke faruwa a cikin tumbi

Saniya da tunkiya da akuya dabbobi ne masu tuƙa. Cikinsu ɗaki huɗu gare shi, kuma mafi girma shi ne tumbin nan da mahauta ke juyewa su wanke, wanda a babban sa yakan ɗauki fiye da lita 100. Mutum ba zai iya rayuwa da kara ko busasshiyar ciyawa ba, domin jikinsa ba shi da abin narkar da zaren tsiro. Ita ma saniya ba ta da shi. Dabarar da Allah ya hore mata ita ce ƙananan halittu, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, biliyoyi a cikin kowane cokali na ruwan tumbinta. Su ne ke ruɓar da ciyawar a wurin da iskar numfashi ba ta shiga, su mai da ita sinadaran da jikin dabbar ke tsotsewa ya sami ƙarfi.

Wannan aiki yana barin shara, watau iskar haidirojin. Idan ta taru ruɓawar takan tsaya, saboda haka akwai wani rukuni na waɗannan halittu da aikinsa shi ne kwashe ta. Suna haɗa ta da iskar kabon-dayoksaid, sai a sami wata iska da ake kira metan. Ita ce dai babban sinadarin gas ɗin da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa. Dabba ba ta da amfani da ita, sai ta fitar da ita, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari ta baki take fita, watau ta hanyar gyatsa. Masu raha da ke ɗora laifin a kan ɗaya ƙofar sun zalunce ta.

Akwai abu guda da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga nan, domin za a komo kansa. Metan ɗin da saniya ke gyatsarwa abinci ne da ya salwanta. Tsakanin kashi 2 zuwa 12 cikin ɗari na ƙarfin abincin da ta ci a nan yake tafiya, kuma gwargwadon taurin abincin da rashin ingancinsa, gwargwadon yawan asarar. Ashe ke nan abin da ke damun masanin yanayi shi ne kuma ke cin makiyayi ba tare da ya sani ba.

Me ya haɗa gyatsa da zafi?

Rana tana aiko da haske, ƙasa ta yi zafi, sa'an nan ta mai da wani ɓangare na zafin sama. Akwai wasu iskoki a sararin samaniya da ke tare wannan zafi kamar yadda bargo ke tare ɗumin jiki. Ba don su ba da duniya ta daskare. Matsalar ita ce bargon yana ƙara kauri. Kafin zamanin masana'antu, kabon-dayoksaid kashi 280 ce cikin miliyan na iskar duniya, yanzu ta haura 420, galibi saboda ƙona kwal da man fetur da gas da kuma sare dazuzzuka. Metan kuwa ta tashi daga kimanin kashi 730 cikin biliyan zuwa fiye da 1,900. Kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, wanda aka fi sani da IPCC, ya bayyana a 2021 cewa duniya ta ƙara zafi da kimanin digiri 1.1, shekarar 2024 kuma ta zarce duk shekarun da aka auna kafinta.

Metan ba ta da yawa a iska idan aka kwatanta da kabon-dayoksaid, amma ƙaramin goro ce mai mugun ɗaci. Kilo guda nata yana tare zafin da kimanin kilo 80 na kabon-dayoksaid zai tare a cikin shekara 20, idan kuma aka auna a kan shekara 100, kimanin kilo 27. Dalilin wannan bambanci shi ne metan ba ta da tsawon rai. A cikin shekara 12 ko makamancin haka yawancinta kan lalace a sama, ita kuwa kabon-dayoksaid wani ɓangarenta kan daɗe ɗaruruwan shekaru.

A kwatanta da randa biyu. Ta farko lafiyayya ce, duk ruwan da aka zuba mata yana nan, ko da ɗigo-ɗigo ake zubawa wata rana za ta cika. Wannan ita ce kabon-dayoksaid. Ta biyu tana yoyo. Idan abin da ake zubawa daidai yake da abin da ke tsiyayewa, ruwan zai tsaya wuri ɗaya. Idan aka ƙara zubi ya hau, idan aka rage ya sauka nan da nan. Wannan ita ce metan. Ma'anar haka ita ce garken da yawansa bai canja ba shekara da shekaru ba ya ƙara wa duniya sabon zafi mai yawa, ko da yake yana riƙe da zafin da ya riga ya jawo. Garken da ke ƙaruwa yana ƙara zafi, wanda ke raguwa kuwa yana sassauta shi cikin ɗan lokaci. Shi ya sa masana ke kwaɗayin rage metan, domin ita ce hanyar da za a ga sakamako tun masu yin aikin suna raye.

Masu kare kiwo sukan ce ai kabon ɗin da saniya ta gyatsar daga ciyawa ya fito, ciyawa kuma daga iska ta ɗauko shi, saboda haka zagaye kawai yake yi. Haka ne, kuma wannan ya bambanta saniya da mota, wadda ke fito da kabon da ya shekara miliyoyi a binne. Sai dai a cikin shekarun da kabon ɗin ke yawo a matsayin metan, zafin da yake tarewa ya ninka na da sau da yawa, kuma shanun duniya yanzu sun kai kimanin biliyan ɗaya da rabi.

Abin da alƙaluma suka nuna

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, watau FAO, ta yi wannan lissafi fiye da sau ɗaya. A 2006 ta ce kiwo ne ke da alhakin kashi 18 cikin ɗari na iskokin da ɗan'adam ke fitarwa masu ɗumama duniya. A 2013 ta sake aunawa ta sami kashi 14.5, a 2023 kuma ta ce kimanin kashi 12. Saukar alƙaluman ba ta nufin dabbobi sun daina gyatsa. Hanyar lissafi ce ta canja, hayaƙin sauran sassa kuma ya ƙaru. A rahoton 2013 gyatsa ita ce kashi 39 na jimillar, noman abincin dabbobi da sarrafa shi, har da sare daji dominsa, kashi 45, kashin dabbobi kuma kashi 10. Naman shanu da madararsu kaɗai sun kwashe fiye da kashi 60.

A 2018 wasu masana biyu, Joseph Poore da Thomas Nemecek, suka tattara bayanan gonaki kusan 38,700 daga ƙasashe 119, suka buga sakamakon a mujallar Science. Sun gano cewa samar da giram 100 na furotin, watau sinadarin gina jiki, daga naman sa yakan fitar da abin da ya kai kilo 50 na kabon-dayoksaid a matsakaici. Daga naman tunkiya kimanin kilo 20, daga kaza ƙasa da kilo 6, daga dangin wake kuwa bai kai kilo 1 ba. Har ila yau sun nuna cewa dabbobi da abincinsu sun mamaye kashi 83 cikin ɗari na filayen noma da kiwo na duniya, alhali kashi 37 kawai na furotin ɗin da ake ci suke bayarwa. A Barazil, ƙasar da shanunta suka haura miliyan 200, yawancin dajin Amazon da aka sare makiyaya aka mai da shi.

Saboda haka idan tambayar ita ce ko rage cin nama, musamman na shanu, zai taimaka wa duniya, amsar ita ce e, zai taimaka, kuma babu wata jayayya mai ƙarfi a kan haka tsakanin masana. Ba zai maye gurbin rage ƙona kwal da man fetur ba, domin su ne uwa uba, amma ba ƙaramin abu ba ne. Abin da rahotannin rediyo ba su cika tsayawa a kansa ba shi ne: wa zai rage?

Kwanon wa ya cika?

Bisa ƙididdigar FAO, Ba'amurke yana cin nama fiye da kilo 120 a shekara, matsakaicin mutumin duniya kilo 40 da 'yan kai, ɗan Nijeriya kuwa kimanin kilo 7. Wannan kilo 7 ma matsakaici ne, an haɗa mai cin balangu kullum dare da wanda sai Babbar Salla yake ganin tsoka a miyarsa. A 2019 wani kwamitin masana da mujallar likitanci ta Lancet ta haɗa kai da shi ya tsara abincin da zai dace da lafiyar mutum da ta duniya baki ɗaya, ya ba kowa giram 14 na jan nama da giram 29 na naman kaji a rana, watau kusan kilo 16 a shekara. Ɗan Nijeriya bai kai rabin wannan ba. Da Ba'amurke guda zai raba namansa biyu ya bar rabi, abin da ya bari ya kai cin 'yan Nijeriya takwas na shekara.

Ga wani lissafi da za a iya yi a kan allo. A jagoran da IPCC ta fitar a 2006 an ƙiyasta cewa saniyar Afirka wadda ba ta tatsa ba tana fitar da kilo 31 na metan a shekara. Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, wanda aka sani da son garkensa, ya bayyana a 2015 cewa yana da shanu 270. Idan aka ninka 270 da 31 za a sami kilo 8,370, idan aka sake ninkawa da 27 za a sami kimanin tan 226 na kabon-dayoksaid. Ba'amurke guda yana fitar da tan 14 zuwa 15 a shekara daga mai da gas da kwal kaɗai. Ke nan gyatsar garken shugaban ƙasa sukutum daidai take da hayaƙin Amurkawa goma sha biyar ko sha shida. Shanun Nijeriya gaba ɗaya kimanin miliyan 20 ne. Da irin wannan lissafi gyatsarsu ta kama wajen tan miliyan 17, alhali duniya tana fitar da fiye da tan biliyan 50 a shekara. An ɗaga ƙiyasin shanun Afirka a gyaran da aka yi wa jagoran a 2019, amma ko an ninka lissafin biyu bai kai kashi 1 cikin dubu ba.

A ɗaya gefen kuma akwai yara. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, a Jihar Katsina kuwa sun fi rabi. Kashi 68 na yaran ƙasar suna da ƙarancin jini. Nama da hanta suna ba da sinadarin ƙarfe irin wanda jiki ya fi saurin tsotsa, nono da ƙwai suna gina jiki, bitamin B12 kuwa ba a samunsa a gero ko dawa ko wake sam. Yaron da tuwo da miyar kuka ne abincinsa dare da rana, in an ce a rage masa nama, me za a rage? Shawarar da ta dace da mazaunin Landan mai fama da teɓa za ta zama cuta idan aka kawo ta Baure ba tare da tacewa ba. Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a sha'anin yanayi abin ya sha bamban. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin ɗari na kabon-dayoksaid ɗin duniya, ita ce kuma ruwan ke doka.

Ba yau aka fara ɗora wa makiyayin Sahel laifin da ya fi ƙarfinsa ba. Bayan farin 1972 zuwa 1974, wani shahararren masanin yanayi Ba'amurke, Jule Charney, ya kawo ra'ayi a 1975 cewa yawan kiwo ne ya tsiraita ƙasa, tsiraicin ƙasar kuma ya kori ruwan sama. An daɗe ana koyar da wannan. Sai a 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka nuna cewa canjin zafin ruwan tekuna ne babban abin da ya jawo farin shekarun 1970 da na 1980. Yawan kiwo yana lalata ƙasa, wannan ba a musu, kowa ya ga yadda bakin mashaya ke zama fako. Amma ba shi ya hana ruwa sauka ba.

Saniyar Daura ba ta Amurka ba ce

Wani abin da ke rikita lissafi shi ne aikin da dabba ke yi. San da aka tsare a gidan turka na Amurka ana ɗura masa masara da waken suya, aikinsa ɗaya ne, ya zama nama. San Sandamu kuwa yana jan garma da damina, ya ja amalanke da kaka, kashinsa ya koma gona taki, saniya ta ba da nono, in rashin lafiya ko biki ya taso a kai ɗaya kara. Nama shi ne aikinsa na ƙarshe. Idan aka ɗora dukkan gyatsarsa a kan naman kaɗai an yi masa rashin adalci, domin in babu shi sai an nemo tarakta mai shan man dizal da takin zamani na yuriya, wanda shi ma da gas ake yin sa. Sa'an nan abin da yake ci, kara da harawa da ƙaiƙayi da dusa da ciyawar daji, ba abincin mutum ba ne. A ƙasa mai rairayi, inda ruwan shekara bai cika wuce milimita 700 ba kuma a wata huɗu yake sauka, dabba ce ke mai da abin da ba ya ciwuwa ya zama abinci.

A yankin Ferlo na Senegal, Mohamed Habibou Assouma da abokan aikinsa sun shekara suna auna abin da dabbobi da ƙasa ke fitarwa da abin da itatuwa da ƙasa ke ajiyewa a kewayen rijiyar burtsatse ta Widou. Sakamakon da suka buga a 2019 ya nuna cewa a ƙarshen shekara ɓangarorin biyu sun kusa yin kunnen doki. Wannan labari ne mai daɗi, amma wuri ɗaya aka auna, mai yalwar fili da itatuwa. Wani nazari da aka fitar daga Jami'ar Oksfod a 2017 ya duba kiwon sake na duniya baki ɗaya, ya ce abin da ƙasa ke ajiyewa bai wuce kashi 20 zuwa 60 cikin ɗari na abin da dabbobin ke fitarwa ba. Inda aka sare itatuwa aka nome burtali, ba za a yi zaton kunnen doki ba.

Akwai kuma wata gaskiya mai ɗaci da kishin gida bai kamata ya rufe ta ba. Idan aka auna da kai, saniyar Afirka ba ta kai ta Turai fitar da metan ba. Idan aka auna da abin da ta bayar, ta fi ta nesa. A jagoran nan na 2006, saniyar tatsa ta Arewacin Amurka tana fitar da kimanin kilo 128 a shekara, tana ba da madara kilo 8,400. Ta Afirka tana fitar da kimanin kilo 46, tana ba da kilo 475. Mai karatu ya raba ya gani: giram 15 ke nan a kan kowane kilo na madara can, kusan giram 97 a nan, watau ninki shida.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya ga shanu a watan Afrilu, haƙarƙari a waje, suna lasar ƙasa suna cin leda. Mahauta sun sha ciro dunƙulen leda daga tumbi. Dabba takan yi ƙiba da damina da kaka, ta zubar da ita da bazara, ta sake farawa. A duk watannin nan da take ramewa tana gyatsa, ba nama, ba nono. Karsana a irin wannan kiwo takan kai shekara huɗu ko biyar kafin haihuwar fari, sa'an nan ta riƙa tsallake shekara. Ɗan maraƙin da ya mutu kuwa, duk abincin da uwarsa ta ci da duk iskar da ta fitar wata tara sun tafi a banza. Alal misali, san da ya isa kasuwa a shekara uku da rabi maimakon biyar, da nauyi iri ɗaya, ya rage wa duniya gyatsar shekara ɗaya da rabi, ya kuma rage wa mai shi wahalar bazara ɗaya ko biyu. FAO ta ƙiyasta a 2013 cewa za a iya rage iskokin kiwo da kusan kashi 30 cikin ɗari idan makiyayan kowane yanki suka bi hanyoyin waɗanda suka fi ƙwarewa a cikinsu, ba tare da an kawo wani baƙon tsari ba.

Hanyoyin kuwa sanannu ne. Adana harawar wake da ta gyaɗa a inuwa don kada rana ta cinye amfaninta, daddatsa kara maimakon watsa shi ɗungum, ɗan ƙarin dusa ko ƙuli-ƙuli ga mai ciki da mai shayarwa, da allurar rigakafi. Dattawa ba su manta da bushiyar 1983 ba, wadda ta share garkuna a Arewa, kuma allura ce ta kawar da ita daga doron ƙasa har aka yi shelar ƙarewarta a 2011. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello da ta Vom mai yin alluran rigakafi sun daɗe suna wannan aiki. Sai dai akwai sharaɗi. Idan lafiya da abinci suka sa garke ya ninka, randar nan mai yoyo za ta hau. Ribar tana samuwa ne idan dabbobi kaɗan suka ba da abin da masu yawa ke bayarwa da, kuma wannan yana da wuya a inda garke shi ne banki, shi ne kuma mutunci. Wanda bai amince da wata ma'ajiya ba, ba za a ga laifinsa ba don ya tara dukiyarsa a kan ƙafa huɗu.

Gawo, da itacen da ke ƙarƙashin tukunya

Babu itacen da ya haɗa waɗannan zaruruwa wuri ɗaya kamar gawo. Yana zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya yi wa gero inuwa. Yana fitar da ganye da 'ya'ya da rani, daidai lokacin da dabba ke neman abin da zai riƙe ta, kuma 'ya'yan suna da furotin. Saiwarsa tana ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin, dabbobin da ke hutawa a gindinsa suna zuba taki, jikinsa kuma ma'ajiyar kabon ce. A ƙetaren iyaka, a Magarya da Matamai da Mirya da kuma ƙasar Maraɗi, manoma sun koma barin kututture da 'yan tsiron da suka fito da kansu suna yi musu aski maimakon tumɓuke su, abin da ake kira sassaben zamani, wanda ya fara bazuwa a shekarun 1980. An ƙiyasta cewa ta haka aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a Nijar, ba tare da gandun raino ko jarkar ban ruwa ba. Daga Daura zuwa waɗannan gonaki tafiyar 'yan sa'o'i ce. Katsina tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ta Afirka ya ratsa, amma dashen da ba a tsare shi daga akuya ba kowa ya san ƙarshensa.

Itace yana shiga maganar ta wata ƙofar ma. Tukubar mai tsire da murhun gida duk itace ko gawayi suke ci. Wake, wanda alƙaluma suka nuna ya fi kowane nama sauƙi ga yanayi, yana daɗewa a wuta, kuma lissafin da aka yi a ƙasashen da ake girki da lantarki bai san da wannan ba. Matan da ke jiƙa wake tun dare ko su jefa masa 'yar kanwa don ya yi saurin nuna suna rage itace, ko da ba da sunan yanayi suke yi ba.

Nijeriya ta ɗauki alkawura. A taron Gilasgo na 2021 Shugaba Buhari ya ce ƙasar za ta daidaita abin da take fitarwa da abin da take shanyewa nan da 2060, a watan Nuwamban shekarar ya sa hannu a dokar sauyin yanayi, ƙasar kuma ta shiga yarjejeniyar rage metan na duniya da kashi 30 cikin ɗari kafin 2030. Wuri mafi sauƙi na cika wannan alkawari shi ne rijiyoyin mai na Neja Delta, inda gas ke yoyo ana kuma ƙona shi a banza, har Nijeriya ta daɗe cikin ƙasashe goma da suka fi yin haka.

Duk da haka tambayar nama za ta iso gida, kuma ta birni za ta shigo. Ana hasashen jama'ar Nijeriya za su haura miliyan 350 nan da 2050, kuma a kowace ƙasa da aka duba, da zarar aljihu ya yi nauyi sai kwano ya cika da nama. Sin misali ce, inda cin naman mutum guda ya ninka sau da yawa daga 1980 zuwa yau. Mai hali a Kano ko Abuja ko Legas da ke cin jan nama safe da dare ya riga ya shiga sahun waɗanda shawarar ragewa ta shafa, likitansa ma zai gaya masa haka saboda zuciyarsa da hanjinsa. Idan ya musanya wani ɓangare da kifi ko kaza ko zabo, ko alale da awara da ɗanwake, bai yi asarar komai ba. Kajin gidan gona dai masara suke ci, suna gogayya da mutane a kanta, zabin ƙauye kuwa da ƙwari da tsintar hatsi suke rayuwa. Idan cin naman ɗan Nijeriya ya tashi daga kilo 7 zuwa kilo 16 ɗin nan da masana suka yarda da shi, jama'a kuma suka kai miliyan 350, ƙasar za ta bukaci tan miliyan 5.6 a shekara, fiye da ninki uku na abin da take ci yanzu, kuma wani ɓangare nasa daga karar Mai'aduwa za a yi lodinsa.